Mai Tsayar da Jini

A shagon askin Fulgencio, bayan kasuwar Tepito,
duk Asabar sai gardamar ta motsa
kamar tsohon ciwon gwiwa in hadari ya haɗu:
Eusebio Arámbula da Nicanor Zepeda, wa ya fi wani?

Mai aski ya ɗaga reza sama, ya ce Eusebio mana!
Karo sittin da ɗaya, faɗuwa biyu rak.
Yaron Guaymas da ya tashi yana jan koma a bakin teku,
bahago, hagunsa ta san hanyar hanta
yadda jaki ya san hanyar gida.
Ku tuna daren Los Angeles, in ji shi,
turmi na huɗu, mai kambu ya durƙusa
yana laluben numfashi kamar wanda ya yar da kuɗi a duhu.

Direban tasi, rabin fuska cikin kumfa, ya ce ina!
Lissafi na ma'aikatan banki ne.
Nicanor ya sha kaye sau goma sha ɗaya, to sai me?
Wa ya taɓa ganin ƙeyarsa?
A Monterrey sau uku aka kai shi ƙasa,
ya tashi, ya tashi, ya sake tashi,
ya karɓe ɗamarar da karyayyen muƙamuƙi.
Ranar matan layinmu sun bar tortilla ta ƙone a kasko,
kunnuwansu na manne da rediyo.

Sai su juyo kaina:
Don Cleofas, kai ka tsaya a kusurwar kowannensu, raba mu.

Ni ba alƙali ba ne, mai tsayar da jini ne.
Minti ɗaya ake ba ni tsakanin ƙararrawa da ƙararrawa,
da auduga, da man shafawa, da ƙarfe mai sanyi.
Abin da kuka hango daga nesa, ni da yatsa na taɓa shi.

Fatar girar Eusebio ba ta fi ɓawon albasa kauri ba.
Shi ya sa ya koyi gocewa.
Gwanintar da kuke yi wa kirari, tsoro ne ya raine ta.
Ni nake riƙe masa bokiti yana amai kafin a kira sunansa,
ya goge baki, ya sumbaci hoton uwarsa, ya fita.

Nicanor kuwa dariya yake yi a kusurwa.
A Monterrey ɗin da kuke faɗi, bayan turmi na tara,
ya dube ni da idon da ya rage a buɗe,
ya ce, Cleofas, a wane gari muke?
Na faɗa masa.
Na toshe tsagar, na shafa mai, na dafa bayansa.
Tawul na kafaɗata, fari tas.
Ban jefa ba.

Yau Eusebio na da jiragen kamun kifi uku,
ya san sunan kowane jika, har da na goye.
Babu bangon da aka zana fuskarsa.
Nicanor na kan bangon makarantar firamare, tsayin mutum biyar,
yara na wucewa ƙarƙashinsa suna naushin iska.
Shi kansa yana zaune a ƙofar gida, layi biyu daga nan,
'yarsa Herlinda ke ɗaure masa igiyar takalmi.
Da safe in mai kwasar shara ya kaɗa ƙararrawarsa,
sai tsohon ya miƙe, ya dunƙule hannu, ya rufe haɓa,
yana jira a nuna masa abokin karawa.
Ɗamarar ta daɗe a gidan jingina.

Duk wannan ban faɗa musu ba.
Mutane sun zo aski ne.

Na kurɓi kofina mai kirfa da ya riga ya huce,
na ce su biyun maza ne, jininsu launi ɗaya.
Suka yi tsaki, suka koma kan gardamarsu.
Fulgencio ya kakkaɓe kujera, ya yafa mini farin tawul a kafaɗa.
Na ce masa, cire wannan.
Kawo mini shuɗin.